Allo, Fartanya da Zazzaɓi: Rayuwar Malaman Mishan na Basel a Gwalkwas

A watan Disamba na 1828 wasu samari huɗu suka sauka a Osu, kusa da Akra, daga ƙungiyar mishan ta birnin Basel da ke ƙasar Siwizalan. Aikin da aka turo su yi shi ne wa'azin Kirista da koyar da yara. Shekara ba ta zagayo ba uku suka mutu, na huɗun ya bi su a 1831. Da aka sake turo mutum uku a 1832, har da likita, biyu suka kwanta dama cikin 'yan watanni. Andreas Riis kaɗai ya tsira, shi ma da taimakon wani mai maganin gargajiya. A 1835 ya bar bakin teku ya hau tudun Akropong, inda iska ta fi sanyi.

Wanda duk zai fahimci rayuwar malamin mishan a Gwalkwas, wato Gana ta yau, sai ya fara da wannan lissafi. A lokacin ba a san sauro ne ke kawo zazzaɓi ba. Malami kan koyar yau, gobe ya kwana yana rawar ɗari, jibi ɗalibansa su bi gawarsa. Ganin asarar ta yi yawa, ƙungiyar ta nemi baƙaƙen fata Kiristoci daga tsibiran Karebiyan, galibi daga Jamaika. A 1843 mutum 24 suka iso bisa yarjejeniyar shekara biyar. Sun zo da irin shuke-shuke, sun gina gidajen dutse, sun shiga aji.

Cikinsu akwai Catherine Mulgrave, wadda labarinta ya isa littafi. An sace ta tana yarinya a gaɓar Angola, jirgin bayin da ya ɗauke ta ya yi hatsari kusa da Jamaika, a can ta tashi ta koyi aikin malanta. Ita da mijinta George Thompson da Alexander Worthy Clerk suka buɗe makaranta a Osu a shekarar da suka iso. Kusan rabin ƙarni ta yi tana koya wa 'yan mata karatu da ɗinki da kula da gida, har ta rasu a 1891.

Yinin malami a irin waɗannan makarantu ba shi da gurbin hutu. Ƙararrawa ke tashin kowa da sassafe. Bayan addu'a da shara sai aji: karatu, rubutu, lissafi, labaran Littafi Mai Tsarki da waƙoƙin coci. Da rana ta yi sanyi a fita gona ko rumfar kafinta da maƙera, domin Basel ta ɗauki aikin hannu wani ɓangare na tarbiyya. Da yake yawancin yaran a makarantar suke kwana, malamin shi ne uba, shi ne alƙali, shi ne mai jinya. Da dare kuma ya kunna fitila ya zama ɗalibi, yana tambayar yaran da ya koyar da safe yadda ake furta kalmomin harshensu.

Wannan zaman dare ya haifar da aikin da ya fi daɗewa. Johannes Zimmermann ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Ga. Johann Gottlieb Christaller ya kammala na Twi a 1871, ya fitar da ƙamus a 1881. Ba su kaɗai suka yi ba. 'Yan ƙasa irin su David Asante sun zauna da su kalma bayan kalma. Kwalejin horar da malamai da aka kafa a Akropong a 1848 ita ta yaye waɗanda suka ɗauki allo zuwa ƙauyuka. Hausa ma ta sami rabonta: Adam Mischlich, wanda ya fara a matsayin ɗan mishan na Basel kafin ya koma aikin gwamnatin Jamus a Kete-Krachi, ya zauna gaban Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya kuma wallafa ƙamus na Hausa a 1906.

Sai dai ko numfashi malami zai yi, sai da yardar kwamitin da ke zaune a Basel. Wajibi ne ya riƙa aika rahoto, amsa kuwa sai ta yi watanni a jirgin ruwa. Ba ya aure sai da izini, wani lokaci ma amaryar da bai taɓa gani ba ake turo masa. Idan 'ya'yansa sun isa shiga makaranta, a mayar da su Turai, iyaye su yi shekaru ba su gan su ba. Da Zimmermann ya auri Catherine Mulgrave a 1851, bayan mutuwar aurenta na fari, bai jira izini ba, kwamitin kuwa bai ɓoye fushinsa ba. Malamai baƙaƙe su suka fi yawa a aji, amma shugabanci ya daɗe a hannun Turawa.

Mutanen gari ma sun biya nasu farashin. Mishan ta ware wa sababbin Kiristoci unguwanni da ake kira Salem, nesa da bukukuwa da hukuncin sarakuna. Yaro ya sami karatu, amma sau da yawa ya dawo gida kamar baƙo. Har yau masana tarihin Gana na muhawara kan ribar wannan tsari da asararsa.

A lokacin Yaƙin Duniya na Farko, Ingila ta kori 'yan mishan na Basel saboda alaƙarsu da Jamus, 'yan Sikotlan suka karɓi ragama a 1918. Makarantun ba su rufe ba, domin malaman da ke riƙe da su tun tuni 'yan ƙasa ne. Kwalejin Akropong tana nan tana yaye malamai.