Aljeriya, Maƙwabciyarmu ta Arewa

Yau hirarmu a kan Aljeriya take. In ka tashi daga Agadas ka bi ta Arlit, za ka kai Asamaka. Da ka ƙetare iyaka, ka shiga Aljeriya ke nan.

Babu ƙasar da ta kai ta girma a Afirka. Ta kusa ninka Nijar sau biyu. Amma mafi yawanta hamada ce. Mutanenta sun haura miliyon 45, kuma yawancinsu suna zaune a arewa, kusa da Bahar Rum, inda ake samun ruwan sama. Can ne babban birninsu, Alje. Musulmi ne. Suna magana da Larabci da Tamazik, harshen Barbar. Abzinawan kudancin ƙasar ƴan uwan namu Abzinawan ne.

Zumuncinmu da su ba na yau ba ne. Shehu Magili, mutumin Tilimsan, ya ratsa hamada fiye da shekara 500 da suka wuce. Ya biyo ta Abzin, ya koyar a Kano da Katsina. Har gobe dabinonsu yana zuwa kasuwanninmu.

To, saurari abin da ya same su. A 1830 sojan Faransa suka kama Alje. Sarki Abdulƙadir ya yi shekara 15 yana yaƙarsu, amma a 1847 ƙarfinsa ya ƙare. Turawa suka ƙwace gonaki masu kyau, suka shuka inabin giya. Yawansu ya kai wajen miliyon 1. Mai gona ya koma ɗan ƙodago a gonar kakansa. Makarantun allo da yawa suka mutu, na boko kuwa ƴan ƙasa kaɗan ne suka samu shiga.

Ranar 1 ga Nuwamba 1954 ƙungiyar FLN ta ɗauki makami. An yi fiye da shekara 7 ana gwabzawa. An ƙone ƙauyuka, an kwashe manoma an tsare su a sansani. Aljeriyawa suna cewa mutum miliyon 1 da rabi suka rasa. Ranar 5 ga Yuli 1962 suka samu mulkin kai, bayan shekara 132.

Sai dai samun ƙasa daban, riƙe ta daban. Cikin ƴan watanni Turawa suka kwashe kayansu suka tafi. Su ne likitoci, su ne malaman makaranta, su ne ma'aikatan ofis. A lokacin, cikin Aljeriyawa 10, fiye da 8 ba su iya karatu ba. Ka duba wannan hali. Ga asibiti, babu likita. Ga takardun gwamnati, babu mai karantawa. Dole aka ɗauko malamai daga Masar da Siriya da wasu ƙasashe.

Da me za a biya aikin? Allah ya ajiye musu arziki a ƙarƙashin rairayi. Tun 1956 aka gano man fetur a Hasi Masa'ud da iskar gaz a Hasi Ramal, amma kamfanonin Faransa ke juya su. Ranar 24 ga Fabrairu 1971 shugaba Bumadiyan ya maido ragamar hannun ƙasa. Da kuɗin aka gina makarantu birni da ƙauye, karatu kyauta, maza da mata. Yau lissafin ya juya: cikin manya 10, wajen 8 sun iya karatu da rubutu.

Amma man fetur ba ya da alkawari. Kusan duk abin da ƙasar ke sayarwa waje, mai ne da gaz. Alkamar da suke ci ma, da yawanta sayowa ake yi. A 1986 farashin mai ya faɗi, aiki ya yi wuya, kaya suka yi tsada. A watan Oktoba 1988 samari suka yi bore. Daga 1992 ƙasar ta faɗa yaƙin basasa na wajen shekara 10, aka rasa fiye da mutum 100,000.

Ɗan uwa, ka ga darasi. Wanda ya dogara da hatsi iri ɗaya, ranar da fara ta sauka ya shiga uku. Mu ma mun ga haka lokacin da farashin uraniyom ya karye bayan 1980. Kuɗin ma'adini yana hawa yana sauka. Karatun da ya shiga kanka kuwa, babu kasuwar da za ta rage masa daraja.

Saboda haka kar ka yi fashin zuwa aji. In ka koma gida, karanta wa iyalinka wannan labari da bakinka. Sai wani jiƙon, in Allah ya kai mu.