Sunan Kwali da Ƙwaƙwalwar Kati

A shekarar 1990 ƙungiyar PCMCIA ta fitar da ƙa'idar wani kati mai faɗin katin banki, wanda ake zurawa a gefen kwamfutar tafi-da-gidanka. Ta wannan kafa aka riƙa ƙara wa kwamfuta modem, daga baya kuma Wi-Fi. A 1991 Linus Torvalds ya saki Linux, manhajar da kowa ke da ikon dubawa da gyarawa.

Haɗuwar biyun ba ta zo da sauƙi ba. Kowane kati yana buƙatar direba, ƙaramar manhajar da ke yin tafinta tsakaninsa da kwamfuta, kamfanoni kuwa galibi na Windows kaɗai suke rubutawa. David Hinds, daga Jami'ar Stanford a Amurka, ya shafe shekaru yana kula da direbobin Linux da jerin katunan da ke aiki. Masu saye suka koyi duba jerin kafin su shiga kasuwa.

Sai dai jerin ma yakan ba da kunya. Katin Linksys WPC11 ya fara fitowa da ƙwaƙwalwar Prism, wadda Linux ya sani. A fitowa ta huɗu aka musanya ta da ta Realtek, suna bai canja ba. A 2003 aka ƙirƙiro NDISwrapper don aron direbobin Windows. Sauƙi na gaske ya samu ne da kamfanoni suka buɗe hannu: Atheros a 2008, Broadcom a 2010.

Yau katin ya koma cikin kwamfuta ko bakin USB, amma tarihin bai wuce Wudil ba. A garin da jami'ar kimiyya da fasaha ta zauna tun 2001, kwamfutar gwanjo ita ce jarin ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10, tsofaffin kwamfutoci da yawa kuma ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Linux zai iya tsawaita ransu, muddin ya gane katin Wi-Fi.

Saboda haka darasin zamanin Hinds yana nan daram. Mai saye ya tayar da kwamfutar da Linux daga filashi, ya buga umarnin lspci ya ga ainihin ƙwaƙwalwar katin, sannan ya biya.