Mount Pleasant da Foxconn: yadda mazauna ƙaramin gari suka ja da tallafin haraji

Mount Pleasant wani ƙaramin gari ne mai mutane kimanin 27,000 a gundumar Racine ta jihar Wisconsin a ƙasar Amurka, tsakanin biranen Milwaukee da Chicago. Kafin shekarar 2017 galibin yankin gonakin masara ne da waken soya da kabeji. Tun daga wannan shekarar sunan garin ya shiga jerin misalan da ake bugawa a duk lokacin da aka tayar da muhawara kan ko ya dace hukuma ta yi amfani da kuɗin haraji wajen zawarcin manyan kamfanoni.

Alƙawarin da aka yi

A watan Yulin 2017 ne shugaba Donald Trump, tare da gwamnan Wisconsin na lokacin Scott Walker da shugaban kamfanin Foxconn na ƙasar Taiwan, Terry Gou, suka ba da sanarwa a fadar White House cewa kamfanin zai kafa masana'antar ƙera manyan allunan talabijin a jihar. Foxconn dai ya yi suna ne wajen harhaɗa wayoyin iPhone na kamfanin Apple.

Kamfanin ya yi alƙawarin zuba jarin dala biliyan 10 da kuma samar da ayyukan yi har 13,000. Ita kuwa gwamnatin jihar ta amince da ba shi tallafin da zai iya kai dala biliyan 3 cikin shekaru 15. Da yake masana'antu a Wisconsin kusan ba sa biyan harajin riba, akasarin wannan rangwame zai kasance ne tsabar kuɗi daga baitulmalin jihar. An kuma ɗauke wa kamfanin wasu sharuɗɗan kare muhalli, ciki har da na cike fadamu.

A watan Oktoban wannan shekarar aka bayyana Mount Pleasant a matsayin mazaunin masana'antar. Ranar 28 ga watan Yunin 2018 Mista Trump ya halarci bikin aza harsashin ginin, inda ya kwatanta aikin da abin al'ajabi na takwas a duniya.

Yadda tallafin garin yake

Tallafin iri biyu ne, kuma bambancin da ke tsakaninsu shi ne tushen rigimar. Na jihar an ɗaure shi da sharaɗi: sai kamfanin ya ɗauki adadin ma'aikatan da aka ƙayyade, ya kuma zuba jarin, sannan a biya shi. Na garin da gundumar kuwa, wanda aka fara ƙiyasta shi a kan dala miliyan 764, daga bisani ya haura miliyan 900, kuɗi ne da za a fara kashewa tun kafin a ga masana'antar, wajen sayen filaye da shimfiɗa hanyoyi da bututan ruwa da magudanai.

Hanyar da aka bi sananniya ce a ƙananan hukumomin Amurka. Ana shata wani yanki, a ciyo bashi a raya shi, sannan a ware duk ƙarin harajin gine-gine da filaye da yankin zai samar domin biyan bashin, na tsawon shekaru da aka yanke, wanda a nan 30 ne. A tsawon wannan lokaci ƙarin kuɗin ba ya shiga asusun makarantu ko na sauran ayyukan yau da kullum. Lamarin ya yi kama da na manomin da ya ci bashi da bazara yana dogaro da abin da zai girbe da kaka. Idan damina ta yi kyau ya fita, idan kuwa ta yi gardama bashin na nan a wuyansa.

Ƙorafin mazauna garin

Wasu mazauna garin sun yi marhabin da aikin, musamman ganin yadda birnin Racine da ke maƙwabtaka ya yi asarar masana'antu da dama a shekarun baya. Amma wasu sun ja daga, inda wata ƙungiyar sa kai mai suna A Better Mount Pleasant ta zama muryarsu a zaman majalisar garin.

Ƙorafinsu na farko shi ne girman bashin, wanda ya ninka kasafin kuɗin garin na shekara sau da yawa. A 2018 kamfanin Moody's mai auna ƙarfin biyan bashi ya rage darajar garin saboda wannan nauyi. Kazalika ofishin nazarin kasafin kuɗi na majalisar dokokin jihar ya ƙiyasta cewa ko da komai ya tafi daidai, jihar ba za ta mayar da kuɗinta ba sai wajen shekarar 2043.

Na biyu shi ne yadda aka ƙulla yarjejeniyar a asirce. Masu adawa sun zargi majalisar garin, ƙarƙashin shugabanta Dave DeGroot, da yanke shawara a bayan fage tare da taƙaita damar jama'a ta yin magana a zaurenta.

Na uku, wanda ya fi sosa rai, shi ne batun gidaje. Hukumar garin ta yi tayin dala 50,000 kan kowace ekar gona, da kashi 140 cikin 100 na darajar kowane gida. Masu manyan gonaki da dama sun sayar da murna, amma masu gidaje a kan ƙananan filaye sun ce kuɗin ba zai saya musu irin abin da za su rasa ba. Bayan hukuncin kotun ƙolin Amurka na 2005 a shari'ar Kelo, wanda ya halatta wa hukuma karɓe kadarar mutum domin raya tattalin arziki, Wisconsin ta tsaurara dokarta kan miƙa irin wannan kadara ga kamfani mai zaman kansa. Sai dai a watan Yunin 2018 majalisar garin ta ayyana kimanin eka 2,800 a matsayin yankin da ya lalace, matakin da ke buɗe ƙofar karɓe fili da ƙarfin doka, alhali gonaki ne masu albarka da gidaje masu kyau, wasunsu ma sababbi. Gomman iyalai sun tashi, aka rushe gidajensu.

Akwai kuma batun ruwa. A watan Afrilun 2018 jihar ta amince a riƙa janyo galan miliyan 7 a kullum daga tafkin Michigan, abin da ƙungiyoyin kare muhalli suka ƙalubalanta ba tare da samun nasara ba.

Abin da ya biyo baya

Babbar masana'antar da aka yi alƙawari ba ta tabbata ba. Foxconn ya fara da rage girman allunan da ya ce zai ƙera, sannan ya yi ta sauya shiri. Mista Walker ya sha kaye a zaɓen Nuwamban 2018 a hannun Tony Evers na jam'iyyar Democrat. A watan Afrilun 2021 aka sake yarjejeniyar: jarin ya koma dala miliyan 672, ayyukan yi 1,454, tallafin jihar kuma bai wuce dala miliyan 80 ba.

Sharaɗin da jihar ta gindaya ya kare ta daga biyan biliyoyin da aka ambata. Garin kuwa ya riga ya ci bashi ya kashe ɗaruruwan miliyoyi. Abin da ya rage masa raɗaɗi shi ne wani sashe na yarjejeniyar da ya wajabta wa Foxconn biyan haraji tamkar gine-ginensa sun kai darajar dala biliyan 1.4, ko sun kai ko ba su kai ba.

A 2023 kamfanin Microsoft ya sayi eka 315 na filin a kan dala miliyan 50 domin gina cibiyar adana bayanan kwamfuta, kuma a watan Mayun 2024 shugaba Joe Biden ya je yankin inda aka sanar da jarin dala biliyan 3.3. Shugabannin garin na kafa hujja da wannan cewa hanyoyi da bututan da aka shimfiɗa ba su tafi a banza ba. Masu adawa kuwa na cewa irin waɗannan cibiyoyi suna shan wutar lantarki mai yawa amma ba sa ɗaukar ma'aikata da yawa, kuma sa'a ce ta ceci garin.

A fagen zaɓe 'yan adawar ba su kai labari ba, domin Mista DeGroot ya kayar da jagorar ƙungiyarsu a zaɓen Afrilun 2023. Amma maƙwabta sun lura da abin da ya faru. A watan Oktoban 2025 Microsoft ya janye shirinsa na gina wata cibiyar a garin Caledonia da ke gundumar ta Racine, bayan da mazauna wurin suka nuna ba sa so.