Waƙa Ba Roƙo: Tarihin Mawaƙin Majami'a a Tsibirin Gobir

Garin Tsibiri, wanda yake cikin gundumar Gidan Rumji a jihar Maradi, an fi saninsa da zama mazaunin Sarkin Gobir tun wajajen 1836, lokacin da Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya ga Daular Sakkwato bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 suka kafa shi a ƙarƙashin Sarki Mayaƙi. Abin da ba a cika ambata ba shi ne, wannan gari yana cikin wuraren farko da aka sami jama'ar Kirista Hausawa a ƙasar Nijar, kuma a cikinsu ne aka sami wani sabon irin mawaƙi, wato magidanci mai gona da iyali wanda yake waƙa ba don a miƙa masa ko anini ba.

Sabuntar wannan abu ba ta fitowa fili sai an duba matsayin kiɗa a ƙasar Hausa ta dā. Kiɗa sana'a ce ta gado, kuma kowane kayan kiɗa yana da gidansa: tambari na sarki ne, kalangu ya fi tafiya da mahauta da taron biki, goge da garaya kuwa sun shahara a wasan bori, wanda a Gobir yake ƙarƙashin Inna, wato macen gidan sarauta da take shugabantar masu bori. Makaɗi yana rayuwa da roƙo, ma'ana yabon ubangida don samun kyauta, shi ya sa ake jin daɗin muryarsa, ana tsoron zambonsa, amma masu ji da asali ba sa son haɗa zuri'a da shi.

A cikin wannan yanayi ne ƙungiyar mishan ta SIM, wadda aka kafa a 1893, ta shigo Nijar ta Zinder a 1924, sannan a ƙarshen shekarun 1920 ta buɗe tasha a Tsibiri ta hannun David Osborne, mutumin New Zealand. Da Hausa aka yi aikin, ba da Faransanci ba, kuma daga Nijeriya littattafan suke zuwa, musamman Littafi Mai Tsarki da aka kammala bugawa da Hausa a 1932, da kuma Littafin Waƙoƙi, wanda yawancin abin da ke cikinsa fassara ce ta waƙoƙin sujada na Ingila da Amurka. Turawan mishan ba su yi na'am da ganga da rawa ba, domin a ganinsu abubuwa ne da ba sa rabuwa da bori da tsafi, kuma a nan, ko sun sani ko ba su sani ba, ra'ayinsu ya zo kusa da na malaman Musulunci, waɗanda suka daɗe suna rera waƙoƙin wa'azi da murya zalla.

Sai dai waƙoƙin da aka fassara sun zo da matsalar da kunnen Bahaushe yake kamawa nan take. Hausa harshe ne mai karin sauti, inda hawa da saukar murya suke rarrabe ma'ana, kuma waƙarsa tana tafiya ne bisa ma'aunin dogayen gaɓoɓi da gajeru. Idan aka ɗora kalmomin Hausa a kan muryar da aka tsara don Turanci, sai a ja gaɓar da ya kamata ta gajarta, a ɗaga wadda ya kamata ta sauka. Masu bi na farko sun riƙe waɗannan waƙoƙi da ƙauna duk da haka, kuma ba ƙaramin dalili ne ya sa ba: a cikin Littafin Waƙoƙi ne da yawansu suka ƙware a karatun boko, suna bin layi da yatsa suna rerawa. A hankali kuma bakinsu ya lanƙwasa muryoyin, ya sassauta saurinsu, har suka ɗauki ɗanɗanon gida.

Wurin da wannan al'ada ta yi saiwa shi ne tsakar gida. Ikilisiya, wato jama'ar masu bi, ta ɗora wa namiji nauyin zama da mace ɗaya da kuma jagorantar sujadar iyali, saboda haka bayan tuwon dare akan shimfiɗa tabarma, a kunna fitila, maigida ya buɗe littafin da gefensa ya yi laushi don yawan juyawa, ya ɗauko baiti, uwargida da yara su karɓa. A gidan da aka kewaye da maƙwabta Musulmi, waɗanda sau da yawa 'yan'uwa ne na jini, wannan waƙar dare ita ce shaidar da take tsallake danga ba tare da gardama ba. Irin waɗannan magidanta ne makarantar koyon Littafi Mai Tsarki ta Tsibiri, da ta Agye daga baya, suka horar suka tura ƙauyuka a matsayin masu bishara, suna noma da damina, suna koyar da waƙa da karatu.

Kiɗan da aka rufe wa ƙofa ya dawo ne musamman ta hannun mata. Ƙungiyar Zumuntar Mata, wadda ta bazu a majami'un ƙasar Hausa ta ɓangarori biyu na iyakar Nijar da Nijeriya, ta ɗauko tsarin jagora da 'yan amshi, ta haɗa da tafi da caki da tulu, wanda ake bugun bakinsa ya ba da amo mai zurfi kamar na ganga. Hikimar da ke ciki ita ce, tulu kayan aikin gida ne, ba wanda zai ce na bori ne ko na maroƙa. Bayan da ikilisiyar ƙasa, wadda aka sani da EERN, ta tsaya da ƙafarta a farkon shekarun 1960, ƙofar ta ƙara buɗewa, har ganga da jita suka shigo, matasa kuma suka riƙa tsara sabbin waƙoƙi daga Zabura da muryoyin Hausa tsantsa.

Idan dattijo daga cikin waɗancan magidanta mawaƙa ya rasu, ba kirari ake yi masa ba. Akan karanta taƙaitaccen tarihinsa a wurin jana'iza, a ambaci shekarun aurensa da 'ya'yan da ya tarbiyyantar, sannan ƙungiyar mawaƙan da ya koyar ta rera waƙar da aka san ya fi so, jama'a su raka shi da ita har bakin kabari. Littafin Barbara Cooper na 2006 a kan Kiristocin yankin Maradi ya adana labarai masu yawa na wannan jama'a, amma littafi ba ya riƙe murya, kuma waƙoƙin da aka tsara a ƙauyuka galibinsu a ka suke. Ya kamata majami'un Tsibiri da Gidan Rumji da Agye da Gazawa su sa matasansu masu wayoyin hannu su zauna da dattawan da suka rage, su naɗi waƙoƙin daga bakinsu, tare da sunan wanda ya tsara kowace da garin da aka fara rera ta.