Inda ɗalibin Zariya zai samu ƙarin kayan karatun kalkulas

Kalkulas reshe ne na lissafi da ke nazarin yadda abubuwa ke canzawa. Isaac Newton na Ingila da Gottfried Leibniz na Jamus ne suka kafa ginshiƙinsa a ƙarni na 17, kowa da hanyarsa. Ɓangarensa na farko yana auna saurin canji, kamar gudun Keke Napep a wani lokaci takamaimai bayan ya tashi daga Ƙofar Doka. Na biyu yana tara ƙananan yankuna don gano jimilla, kamar faɗin gonar da iyakarta ta lanƙwashe.

Ɗalibi yakan fara haɗuwa da shi a ajin ƙarshe na sakandare, a makarantu irin su Kwalejin Alhudahuda, kuma yana cikin manhajar lissafi ta JAMB. A Jami'ar Ahmadu Bello, masu karatun injiniya da kimiyya suna yin sa tun shekarar farko, kuma faɗuwa a cikinsa na nufin maimaita kwas.

Littattafai

Littafin Engineering Mathematics na K.A. Stroud ya yi suna saboda yadda yake warware lissafi mataki-mataki. Calculus Made Easy na Silvanus Thompson, wanda ya fito a 1910, ya dace da mai farawa, kuma ana samunsa kyauta a shafin Project Gutenberg. Ɗaliban jami'ar suna da Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim da ke Samaru.

Intanet

Jami'ar NOUN tana sanya littattafan kwasa-kwasanta a shafinta kyauta. OpenStax na da juzu'i uku na kalkulas, Khan Academy na da gajerun bidiyoyi da atisaye, sannan Jami'ar MIT ta Amurka ta saki laccocin kwas ɗinta mai lamba 18.01. Manhajar GeoGebra kuwa tana zana jadawalin lissafi a waya. Da yake bidiyo na cinye data, ya fi sauƙi a sauke littafi sau ɗaya a riƙa karantawa ko babu intanet.

Yadda ake cin moriyarsu

Sau da yawa aljabara da lissafin kusurwoyi ne ke kayar da ɗalibi, domin duk wani aikin kalkulas a kansu ya dogara. Don haka ya kamata a fara gyara su. Bayan nan a riƙe littafi ɗaya, a warware tambayoyinsa da biro da takarda kafin duba amsa, sannan a gwada kai da tsofaffin tambayoyin jarrabawa cikin ƙayyadadden lokaci. Abin da ya gagara a kai wa malami ko abokan muraja'a tun zangon karatu bai yi nisa ba, domin kowane babi a kan na baya yake ginuwa.