Zubewar gashin mata: Abin da magungunan shafawa ke iya yi da abin da ba sa iyawa

Likitocin fata na ɗaukar zubewar silin gashi 50 zuwa 100 a rana a matsayin abin da aka saba. Damuwa tana farawa ne idan zubewar ta zarce haka, ko tsagar kai ta fara faɗi, ko gashin goshi ya ja baya. Kafin a sayi kowane magani, wajibi ne a san musabbabin, domin kowane iri da maganinsa.

Ire-iren zubewar

Akwai zubewar wucin gadi da ke biyo bayan haihuwa, zazzaɓi mai tsanani, ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini ko matsalar ƙwayar maƙogwaro. Takan bayyana bayan wata biyu zuwa huɗu, kuma gashin yakan dawo idan an magance sanadin. Akwai ta gado, wadda ke sirantar da gashin tsakiyar kai sannu a hankali. Akwai kuma wadda matsattsen kitso, ƙarin gashi da man miƙar da gashi ke haddasawa, musamman a goshi da gefen kunne.

Minoxidil

Shi ne maganin shafawa da ya fi samun hujjar bincike a kan zubewar gado. Asalinsa ƙwayar maganin hawan jini ne, sai aka lura masu shansa suna ƙara gashi. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da na shafawa ga maza a 1988, ga mata kuma a 1991. A 2014 ta amince wa mata da nau'in kumfa mai ƙarfin kashi 5 cikin 100.

Na ruwa mai kashi 2 ana shafa mililita 1 sau biyu a rana, na kumfa sau ɗaya, a kan fatar kai ba a kan gashi ba. Ba a ganin sakamako sai bayan wata uku zuwa shida, kuma a makonnin farko zubewar na iya ƙaruwa kafin ta lafa. Idan aka daina, gashin da ya tsiro yakan zube cikin 'yan watanni. Yana iya kawo ƙaiƙayi ko tsirowar gashi a fuska, kuma ba a ba mai ciki ko mai shayarwa shawarar amfani da shi.

Sauran magunguna

Sabulun wanke kai mai ketoconazole yana maganin amosanin kai, wanda ƙaiƙayinsa ke karya gashi. Mayukan sitiroid kamar clobetasol ana ba da su ne ga zubewar da kumburin fata ya haifar, bisa umarnin likita kawai, domin daɗewa a kansu na sirantar da fata. Makero kuwa ba ya jin maganin shafawa shi kaɗai, sai an haɗa da na sha.

Man kaɗe, man kwakwa da garin chebe na ƙasar Chadi suna tausasa gashi su rage karyewarsa, amma ba sa farfaɗo da saiwar da ta mutu. Nau'in zubewar da ke farawa daga tsakiyar kai ta bar tabo, wadda ta fi yawa a matan Afirka, tana kashe saiwar har abada. Duk watan da aka ɓata kan haɗe-haɗen da ake tallatawa a TikTok da Instagram, asara ce da ba ta dawowa.

Kafin a saya

A Najeriya, alhakin rajistar magunguna da kayan shafe-shafe yana wuyan hukumar NAFDAC. Kwalbar da ba ta ɗauke da lambar rajista, jerin sinadarai da ranar lalacewa abar gudu ce. Wadda ta ga fatar kanta ta yi santsi, ko tana zafi ko fitar da ƙuraje, ta nemi likitan fata tun da wuri.