Maganin Gyambon Ƙafa na Masu Ciwon Sukari da Iskar Oksijin Mai Matsi

Ciwon sukari idan ya daɗe yakan kashe jijiyoyin ji a ƙafa, ya kuma toshe hanyoyin jini. Shi ya sa ƙaya ko tsakuwa a cikin takalmi kan ji wa mutum rauni bai sani ba, raunin ya zama gyambo, ya ƙi warkewa, wani lokaci har a kai ga yanke ƙafa.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da likitoci ke taimaka wa irin wannan gyambo ita ce shaƙar iskar oksijin a ƙarƙashin matsi. Ana shigar da majinyaci cikin wani rufaffen ɗaki na ƙarfe ko na roba mai kauri, a ƙara matsin iskar ciki ya ninka na waje sau 2 zuwa 2.5, sannan ya shaƙi oksijin zalla na kimanin minti 90. Matsin ne ke sa iskar ta narke a cikin ruwan jini, ta isa naman da jini ba ya kai wa sosai. Akan yi haka kwana 5 a mako, har zama 30 zuwa 40.

Binciken da aka yi a ƙasar Suwidin, aka buga a 2010, ya nuna gyambon kashi 52 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa wannan magani ya warke cikin shekara ɗaya, alhali a ɗaya rukunin kashi 29 ne. Wasu binciken kuwa ba su ga irin wannan amfani ba. Don haka ƙa'idojin duniya na 2023 suka ɗauke shi a matsayin ƙari kawai, bayan an gwada wankin gyambo, cire ruɓaɓɓen nama, maganin ƙwayoyin cuta da sauke nauyi daga ƙafar.

Yana da tsada, kuma ba a samun na'urar a asibitocin karkara. Yakan jawo ciwon kunne, ko sukarin jini ya faɗi, don haka ake auna shi kafin shiga.

Muna kira ga hakimai, dagatai da ma'aikatan lafiya na ƙananan hukumomi da su faɗakar da jama'a: mai ciwon sukari ya duba ƙafarsa kullum, ya tsane tsakanin yatsu bayan alwala, kada ya yi tafiya ba takalmi, kada kuma a kai gyambonsa wurin wanzami. Idan ƙafa ta kumbura, ta yi baƙi ko ta fara wari, a garzaya babban asibiti a ranar.